Lasisin Bindiga: Takardar Da Ba Ta Iya Tsallake Iyakar Jiha

A yammacin wata Asabar da ta gabata, mu magidantan layinmu a nan Barnawa muka taru a ƙofar gidan wani dattijo domin zaman da muka saba yi duk ƙarshen wata, inda ake karɓar kuɗin 'yan sintiri, a kuma tattauna abin da ya shafi tsaron unguwa. Layin namu yana cikin 'yan layukan da suka rage a kudancin Kogin Kaduna da har yanzu ake zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, domin akwai Bahaushe, akwai Bagwari, akwai ɗan Bajju da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo. Ana cikin lissafi sai wani maƙwabcinmu, matashin ɗan kasuwa wanda ya sayar da motarsa da filinsa ya biya kuɗin fansar ƙaninsa, ya miƙe tsaye ya dube ni ya ce, "Dakta, kai ne ka yi boko mai zurfi a cikinmu. Ka gaya mana ofishin da za mu je mu yanki lasisin ƙaramar bindiga, kowa ya soke tasa a ƙugu. Mun gaji da zama kamar kaji a akurki."

Kafin in buɗe baki sai mai gidan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri, ya riga ni. Ya ce, "Ɗana, a ce ka samu takardar. Wa ya koya maka harbi? Kuma idan ka ɗauki hanyar Abuja ka wuce Tafa, wa zai yarda da takardar taka?" Wuri ya yi tsit. Ni dai na ce musu fannina harshe ne, amma na yi alkawarin zan koma in karanta dokar in zo musu da bayani. Abin da na gano shi ne ya sa na ga dacewar in faɗaɗa zancen ya wuce ƙofar gidan dattijon nan, domin tambayoyinsa guda biyu su ne aka daɗe ana tsallakewa duk lokacin da muhawarar mallakar bindiga ta taso a ƙasar nan.

Abin da doka ta ce

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa batun makamai da harsasai yana cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ko ta Zamfara ba ta da hurumin yin doka a kai. Dokar da ake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun Turawa ba su sauke tutarsu ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da gurneti, kuma a cikin wannan kashi ne aka sanya libarba da duk wata ƙaramar bindigar da ake iya ɓoyewa a aljihu. Babu mai ba da izinin riƙe waɗannan sai Shugaban Ƙasa, wanda kuma aka kama da ɗaya babu izini, ɗaurin da ke kansa bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu shi ne bindigogin farauta na zamani, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma su ne kaɗai aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ya tsara yadda za a riƙe su da amincewar gwamna.

Ke nan abin da maƙwabcina yake nema, wato ƙaramar bindigar sokewa a ƙugu, a idon dokar Nijeriya ajinsu ɗaya da gurneti. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sharuɗɗan da dokar ta gindaya. Ta hana a bai wa mutum biyar lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda shaye-shaye ko rashin kamun kai ya yi wa katutu, da kuma wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A cikin waɗannan biyar babu inda aka ambaci horo. Wanda yake son lasisin tuƙa mota sai ya kai shekara 18, ya nuna shaidar makarantar koyon tuƙi, jami'in duba motoci ya gwada shi. Wanda yake son riƙe abin da aka ƙera musamman don ya kashe kuwa, ya ishe shi ya kasance mai shekara 17 da idanu garau.

Ga doka ga gwamnoni

Idan mai karatu bai manta ba, a 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya yi kira ga jama'arsa da su nemi makamai su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ba da sanarwar cewa za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar, domin masu son mallakar bindiga su cike a kai wa Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba su lasisi. Ba a kwana biyu ba Kwamishinan ya ce takunkumin da aka sanya wa ba da lasisi yana nan daram, shi kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon ba da irin wannan umarni. A shekarar ce kuma Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin saya wa dakarun sa-kan jiharsa AK-47, marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo shi ma ya yi ta kukan an hana Amotekun manyan makamai. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake shelanta dakatar da ba da lasisi a ƙasa baki ɗaya.

Ana wannan ja-in-ja a sama, a ƙasa kuwa bindigogi sai yaɗuwa suke yi kamar wutar daji. Cibiyar nazarin ƙananan makamai da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga kimanin miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya, alhali waɗanda ke hannun soja da 'yan sanda a haɗe ba su kai 600,000 ba. Su ma jihohi ba su zauna ba. Katsina ta ƙaddamar da dakarunta na tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta fito da Askarawa sama da 2,600 a watan Janairu na 2024, mu kuma a nan Kaduna gwamnatin Uba Sani ta ɗebi mutum 7,000 a 2023 ta tura su Kwalejin 'Yan Sanda domin ƙarfafa hukumar 'yan sintirin jiha. Kowace jiha da nata kaki, da nata katin shaida, da tsawon kwanakin horonta. Ga kuma ƙungiyoyin mafarauta da 'yan banga, kowace tana buga wa 'ya'yanta kati mai hoto da hatimi. Abin tambaya a nan shi ne, katin da aka buga a Bunkure me yake nufi ga mai tsaron shinge a ƙasar Edo?

Darasin Uromi

Amsar wannan tambaya mun same ta cikin jini. Ranar 27 ga Maris, 2025, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano suka faɗa hannun 'yan banga a garin Uromi na Jihar Edo. Da aka bincika motar da suke ciki aka ga bindigogin toka, sai aka yi kururuwar an kama masu satar mutane. Kafin a ce kwabo jama'a sun taru, aka kashe mutum 16, aka cinna wa gawarwakinsu wuta. Da yawansu 'yan ƙauyen Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure. Waɗanda suka tsira sun shaida wa 'yan jarida cewa su mafarauta ne masu takardun shaida, amma babu wanda ya saurare su. 'Yan sanda sun ce sun kama mutum 14, Gwamna Monday Okpebholo ya dakatar da kwamandan rundunar tsaron jiharsa, ya kuma taka har Kano ya yi ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf.

Babu wani uzuri da zai wanke wannan aika-aika, kuma haƙƙin waɗannan bayin Allah yana wuyan duk wanda ya ɗaga sanda ko ya kawo fetur. Sai dai in za mu yi wa kanmu adalci, dole mu dubi yadda aka yi har abin ya kai nan. Mutanen yankin Uromi sun daɗe suna shan azabar masu satar mutane a gonakinsu da hanyoyinsu, kamar yadda mutanen Chikun da Kajuru suke sha. Ɗan bangar da ya tare motar ba shi da wata hanya ta tantance ko takardar da aka miƙa masa ta gaskiya ce, kuma abin da ya biyo baya ya nuna babu wanda ya cusa masa cewa iyakar aikinsa shi ne ya miƙa wanda yake zargi ga 'yan sanda. Su kuma mafarautan sun ratsa jihohi da bindigogi a mota suna dogaro da takardar da ta ishe su shaida a gida. Tsari biyu ne na cikin gida suka yi karo a kan titi, kowanne bai san da zaman ɗaya ba.

A nan ne nake ganin fannina yana da abin cewa. Wani masanin falsafar harshe ɗan Ingila, J. L. Austin, ya nuna cewa akwai maganganun da furta su shi ne aikata su, amma ba sa ɗauruwa sai an cika sharuɗɗa. Bahaushe ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Idan waliyyi ya ce "na bayar" a gaban shaidu, aure ya ɗauru. Idan wani ɗan kallo ya faɗi kalmomin nan biyu da murya mai ƙarfi, babu abin da ya faru, domin ba shi da hurumi. Haka kuma ko waliyyin ne ya faɗa, in babu shaidun da suka ji suka gane, gobe ana iya musu. To lasisi ma magana ce a rubuce. Hukuma ce take gaya wa baƙon da bai san ka ba cewa, "Na san wannan mutum, na gwada shi, na tsaya masa." Fom ɗin Zamfara ya faɗi ne saboda wanda ya ce "na bayar" ba shi ne waliyyi ba. Takardar mafarautan Torankawa kuwa ta faɗi ne saboda babu shaidu a inda aka karanta ta.

Kai, hatta sunan ma ya gurɓace. A da idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin dakarun sarki masu buga bindigar toka a hawan Sallah, yara na bin su da sowa. Yau kalmar ta koma sunan masu kisa da satar mutane. Wanda ke riƙe da bindiga bisa ƙa'ida ya rasa sunan da za a kira shi da shi, balle takardar da za ta raba shi da ɓarawon daji.

Yadda abin yake a Amurka

Masu kiran a bar kowa ya riƙi bindiga sukan kafa hujja da Amurka, don haka yana da kyau mu leƙa can mu gani. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, kuma a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje domin kare kai. Amma lasisin yawo da ita a ɓoye aikin jihohi ne, kuma kowace jiha da nata sharaɗin horo. A Ilinoi sai mutum ya yi awa 16 yana ɗaukar darasi. A Niyok awa 16 ne a aji da awa 2 a filin harbi. A Teksas darasin awa 4 zuwa 6 ne da gwajin harbi. A Fensilbaniya ana ba da lasisi ba tare da an nemi shaidar horo ba ko ta minti ɗaya. Ya zuwa 2024 kuma jihohi 29 sun yarda mutum ya yi yawo da bindiga a ɓoye ko ba shi da lasisin ma.

Wannan bambanci na horo shi ne ya haifar musu da rigimar amincewa da lasisin juna. Jihar da ta wahalar da 'ya'yanta awa 16 ba ta ga dalilin da zai sa ta karɓi takardar jihar da ba ta koya wa nata komai ba. Shi ya sa Niyok da Kalifoniya da Niyu Jasi ba sa karɓar lasisin kowace jiha, wasu jihohin kuma suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, har ta kai matafiyi sai ya duba taswira kafin ya tayar da mota. A 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu daga birnin Filadalfiya, wadda ke da halastaccen lasisin Fensilbaniya, ta tsallaka Niyu Jasi. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta gaya masa tana da bindiga da lasisi. Nan take aka kama ta, ta yi fiye da wata guda a tsare, tana fuskantar ɗaurin sama da shekara uku, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. A watan Disamba na 2017 Majalisar Wakilansu ta amince da ƙudurin da zai tilasta wa kowace jiha karɓar lasisin 'yar uwarta, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na ɗaya, ko a ƙasar da ke da rajista da kwamfuta da kotuna masu aiki, takarda ba ta tsallake iyaka sai an yarda da horon da ke bayanta. Bambancinmu da su shi ne, matar Filadalfiya ta ƙare a gaban alƙali, mafarautan Torankawa kuwa ko ofishin 'yan sanda ba su kai ba. Na biyu, sassauta dokar bai zo musu da zaman lafiyar da ake zato ba. Binciken da Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya nuna cewa jihohin da suka sauƙaƙa yawo da bindiga sun samu ƙarin manyan laifuffukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara 10, idan aka kwatanta da yadda da za su kasance. Akwai masanan da ke jayayya da shi, amma ko su ba su ce a bai wa jahilin bindiga bindiga ba.

Horo kafin takarda

Mu dawo gida. A damunar da ta wuce, wajen ƙarfe biyun dare, ƙarar bindiga ta tashe mu a layinmu. Kowa ya kwanta a ƙasa da iyalinsa, mun ɗauka mutanen daji ne suka shigo. Da gari ya waye sai muka ji ashe ɗaya daga cikin yaran da muke biya su yi mana gadi ne ya jingine harba-ka-ruga a ɗure a jikin benci, barci ya ɗauke shi, ta zame ta tashi. Harsasan suka huda tankin ruwan wani gida, taku kaɗan daga tagar ɗakin da yara ke kwana. Da na tambaye shi wanda ya koya masa riƙe ta, sai ya ce, "Wallahi Baba, ranar da aka ɗauke ni aiki aka miƙa mini ita." Mu da muke tara kuɗi muna biyansa, laifinmu ya fi nasa.

Abin takaicin shi ne kakanninmu ba haka suka yi ba. A tsarin farauta na gargajiya yaro yakan yi shekaru yana bin ubangidansa daji, yana ɗaukar masa gora da burgami, yana koyon sawu da iska da haƙuri, kafin a yarda ya ɗana kibiya ko ya ɗura bindiga. Sarkin Baka ya san kowane maharbi a ƙasarsa, ya san wanda ya yaye shi, kuma yana iya hana shi shiga daji in ya saɓa ƙa'ida. Wannan shi ne lasisi na asali, ga horo, ga mai tsaya maka, ga hukunci. Dokar 1959 ta kawo takarda ta bar horon a baya, mu kuma muka zo muka yi sakaci da duka biyun. Sakamakon haka mun gan shi a Zamfara da Sakkwato, inda 'yan sa-kai marasa horo da linzami suka riƙa yanke hukunci a kasuwanni, ramuwar gayya ta biyo baya, har gwamnatin Sakkwato ta haramta su a ƙarshen 2021.

Na san za a ce da ni, "Malam, ɓarawon daji ba ya neman lasisi, me ya sa za ka ɗaure hannun mutumin kirki?" Wannan magana tana da nauyi, musamman daga bakin wanda aka kwashe masa 'ya'ya a makarantar Bethel da ke Maraban Rido a 2021, ko a Kuriga a 2024. Tsarin Mulki da kansa, a sashe na 33, ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa. Amma mu tambayi kanmu, libarba a ƙugun ɗan kasuwa za ta tare mutum hamsin a kan babura da AK-47? Inda za ta yi aiki shi ne a rigimar 'yan acaɓa da fasinja, da cacar bakin masu haya, da ranar zaɓe. Mu mazauna Kaduna da muka ga 2000 da 2002, muka ga yadda kogi ya koma katanga tsakanin maƙwabta, mun san abin da wuƙa da fetur kaɗai suka yi. Ban so in ga ranar da za a yi irin wannan hargitsi alhali kowane aljihu a Kasuwar Sabo da tashar Television yana ɗauke da harsashi shida.

Za kuma a ce duk tsarin da aka damƙa wa hukuma a ƙasar nan sai ya zama hanyar karɓar na goro. Wannan ma gaskiya ne. Amma lasisin tuƙi ma ana cuwa-cuwarsa, duk da haka tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988 aka kuma haɗe tsarin ya zama na ƙasa baki ɗaya, wanda ya yanki nasa a Kaduna yana nuna shi a Benin ko Fatakwal a bar shi ya wuce. Ba a fasa gina rijiya don tsoron guga zai faɗa.

Mafita

Jihar Kaduna tana iyaka da jihohi bakwai, wato Zamfara da Katsina da Kano da Bauchi da Filato da Nasarawa da Neja, ga kuma Abuja. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari bai san inda Kaduna ta ƙare Neja ko Zamfara ta fara ba. A nan Kakuri kuma masana'antar ƙera makamai ta DICON take tun 1964. In akwai jihar da ya kamata ta ja gaba a wannan gyara, to tamu ce. Ga abin da nake ganin ya dace.

Na farko, Majalisar Tarayya ta gyara Dokar 1959 ta sanya horo ya zama sharaɗi ga duk mai riƙe bindiga, ko da ta toka ce. Manhajar ta zama ɗaya daga Sakkwato har Kalaba: yadda ake riƙewa, da ajiyewa nesa da yara, da tafiya da ita, da kuma iyakar da doka ta yi wa kare kai. Afirka ta Kudu ta yi haka a dokarta ta 2000, inda sai mutum ya samu shaidar ƙwarewa kafin ya nemi lasisi. A koyar cikin Hausa da Fulatanci da Gwari da Turancin Buroka da sauran harsunanmu, a kuma yi wa wanda bai iya karatu ba jarrabawar baka, kada tsarin ya zama na 'yan boko da masu kuɗi kaɗai.

Na biyu, a samar da rajista guda ɗaya ta ƙasa. Cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda dokar 2024 ta ba ta gindin zama, tana iya riƙe ta tare da 'yan sanda. A buga wa kowace bindiga lamba, har da ƙirar maƙeran gida, a haɗa ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai ita, ta yadda mai tsaron shinge zai latsa lambar a ƙaramar wayarsa ya ga suna da gari. Rufe ƙofar lasisi gaba ɗaya bai rage bindiga ko ɗaya ba, ya dai hana hukuma sanin inda suke.

Na uku, a fito da ƙa'idar tafiya da bindiga tsakanin jihohi. Ta kasance babu ɗuri, a naɗe, albarushi a wani wuri daban, kuma matafiyi ya karɓi takardar tafiya daga ofishin 'yan sandan da ya taso. A jawo sarakunan baka da shugabannin mafarauta cikin aikin, domin su ne suka san nasu.

Na huɗu, gwamnoni su zauna su amince da mafi ƙarancin horon da za a bai wa dakarun jihohinsu, darasin farko kuma ya zama cewa wanda aka kama ana miƙa shi ga hukuma da ransa. A watan Disamba na 2024 Gwamna Uba Sani ne ya shaida wa 'yan jarida cewa kusan dukkan jihohi sun goyi bayan kafa 'yan sandan jihohi. Duk ranar da kowace jiha ta samu rundunarta mai makamai babu ma'auni guda, to rigimar da Amurka ke fama da ita ta lasisi za ta zo mana ninki 36.

Na biyar, ƙaramar bindigar aljihu a bar ta inda doka ta ajiye ta.

Ƙarshen watan nan za mu sake zama a ƙofar gidan dattijonmu, kuma na san maƙwabcina yana jiran amsa. Zan gaya masa cewa ofishin da yake nema babu shi, kuma ban yi baƙin cikin rashinsa ba, ko da yake na san zafin da ke ransa. Zan kuma kawo shawarar mu cire wani abu daga kuɗin wata mu nemi Baturen 'Yan Sandan yankinmu ya turo wanda zai koya wa yaranmu masu gadi yadda ake riƙe abin da muka damƙa musu, mu kuma rubuta sunayensu da na bindigoginsu mu kai ofis. Wannan kaɗai ne ke hannunmu. Sauran yana hannun waɗanda muka zaɓa, kuma ya kamata mu tambaye su tun kafin wata motar ta sake tsayawa a wani shingen. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.